Talalar Lawali Daktilo

A Katako ta birnin Yamai, in ka tambayi gidan Lawali daktilo, mai bugun tafireta, sai an tsaya ana duban juna. Ka ce Lawali Talala, ko mai tura kura zai ɗaga haɓa ya nuna maka ƙofar.

Sunan ya samo asali ne wata Asabar ta watan Afrilu, shekarar da sojoji suka karɓi mulki, wadda damunar da ta gabace ta ta bar rumbuna wayam. Lawali yana zaune a siber ɗin Jibo, wato shagon da ake hayar ordinatar a shiga intanet. A aljihun ƙirjin rigarsa akwai wani ɗan ƙarfe baƙi, girmansa kamar sabulun wanki, igiya ta fito ta wuyan rigar ta shiga bayan akwatin ordinatar. Da yake igiyar ta taɓa zare masa yana tsakiyar abu, sai ya ƙara mata tsaro irin na tsohon ma'aikaci: ya ɗaure ta da zaren dosiye, irin na ɗaure takardun ofis, ƙulli biyu, a jikin ƙarfen akwatin.

Sai ga surukinsa Malam Halidu, mahaifin matarsa Kande, ya shigo da sanda. Ya zo a yi masa fotokofin takardar iyali, don a lokacin sai da ita ake samun geron rangwame. Shekara talatin ke nan Lawali bai taɓa yarda tsohon nan ya same shi bisa kujera ba. Ya zabura, ya ture takalma, ya zube ƙasa don gaisuwa. Igiya ta miƙe, zaren dosiye ya riƙe amana, akwatin ordinatar ya biyo shi daga kan tebur, ya zo ya kwanta kusa da gwiwarsa da wata irin ƙara.

Malam Halidu ya amsa gaisuwa daki-daki, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama, ya nuna akwatin da sanda.

"To wannan da kuka durƙusa tare, ɗan wane ne?"

Jibo Bazabarme ne, Lawali kuwa Bagobiri, tsakaninsu akwai wasan da ya halatta komai. Jibo ya fito daga bayan tebur yana riƙe da ciki don dariya. "Baba, akuyata ce. Na yi mata talala, ta tumɓuke turken."

Kafin la'asar labarin ya kai layin masu sayar da kwano.

Abin da masu dariya ba su tsaya tambaya ba shi ne, me ya kai dattijo ɗan shekara hamsin da takwas, mai furfura a gemu, cikin wasan samari?

Lawali mutumin Tibiri ne, ya zo Yamai yana saurayi, ya koyi bugun tafireta, ya yi shekara talatin da ɗaya yana buga takardu a wata ma'aikata. Gwamnatoci sun zo sun wuce ta ƙarƙashin yatsunsa. Yakan ce shi bai taɓa ganin juyin mulki ba, kan takarda kawai yake ganin an canja. Yana bugu ba ya duban hannunsa, idonsa na kan bango. Da ya yi ritaya, yatsun ba su samu labari ba. In yana zaune a fada, inda muke shan shayi, za ka ga suna bugu a kan gwiwarsa, ƙafar hagu kuma tana kaɗawa kamar ta tela.

Ɗansa na fari shi ne Mumuni, wanda ke karatun injiniya a Marok. Ni ne nake kiran sunan, Lawali bai taɓa ba. Kunyar ɗan fari a gidansu ba abin wasa ba ce. Bai taɓa ɗaukar yaron a gaban mutane ba, bai taɓa kiransa ba. "Kai" yake cewa, ko "wancan". Ko takardar haihuwarsa, abokin aikinsa ya miƙa wa ya buga. In Mumuni ya kira waya daga Marok, Lawali yakan ce "Lafiya lau, ga gwaggonka," ya miƙa wa ƙanwarsa Habsatu kamar wayar tana da zafi. Kande kuwa, uwar, kunyarta ta fi tasa, ɗaki take shigewa.

Habsatu ce ta kawo maganar a watan Maris. Ta same shi yana gyaran mobilet, ɗan babur ɗinsa, ta tsaya a kansa.

"Yaya, wancan naka ya ce ba zai dawo ba."

Lawali ya ci gaba da goge buji, wato filogin babur ɗin.

"Yana gamawa a watan Yuni. Wani malaminsa ya samar masa wuri a Faransa, ya ce ya ba da amsa kafin ƙarshen Mayu. Na ce masa gida fa? Ka san mi ya ce mini? Ya ce, Gwaggo, wa ya tambaye ni? Ya ce shekara ashirin da biyar, ko sau ɗaya bai ji an kira shi ba a gidan nan."

"Ai ya san al'ada."

"Ya sani. Shekara biyar yana zaune da mutanen da uba ke sumbatar ɗansa a tasha. Sai ka buga masa waya."

"In ce mi?"

"Ka ce ya dawo mana!"

Lawali ya mayar da buji, ya sake cire shi. Kwana uku yana zagaya tsakar gida. A na huɗu ya buɗe akwatin ƙarfen da Mumuni ya bari, wai yana neman wata takarda. Nan ya tarar da ɗan ƙarfen nan baƙi, naɗe cikin tsohuwar riga. Ya kai wa Jibo.

Jibo ya juya shi a hannu ya yi murmushi. "Dis ne, ma'ajiya ce ta waje. Na san shi. Wasa ne a ciki, irin wanda ake yi da mutanen wasu ƙasashe ta intanet. Injinana ba su riƙe komai, in aka kashe su aka kunna, duk abin da aka zuba ya goge. Shi ya sa yaronka ya zuba wasan nan a ciki, ya zo da abinsa, ya soka, ya yi, ya zare ya tafi. In za a sake sauko da shi ta layinmu, sai an yi sati."

"Har yanzu yana yi?"

"Wa?"

"Ka san wa."

"Duk Asabar daga ƙarfe uku. Hutun da ya zo na ƙarshe shi ya gaya mini. Akwai wurin rubutu a ciki, ana hira."

Yatsun Lawali suka tsaya cak a kan gwiwa. "Ana ganin fuskar mutum?"

"Ba a gani."

"Ana jin murya?"

"Bagobiri, in ka ga dama ka ce kai budurwa ce daga Dakar."

Haka aka fara. Jibo ya soka dis, ya danna nan da can, sai ga wata ƙasa ta buɗe, kore shar, ciyawa har gwiwa, ruwan sama na zuba babu mai tara ko kwano. Ranar farko Lawali bai yi komai ba, ya tsaya yana kallon ruwan, a lokacin da a bakin kasuwa mutanen ƙauye ke sauka daga motoci da tabarmi da tukwane, suna sayar da shanun da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa. Mutumin da Lawali ke tuƙawa a wasan wani gajere ne mai jakar magani, aikinsa ya bi mayaƙa yana warkar da su. Ya ji daɗin haka, don ya ce shi bai taɓa dukan kowa ba. Jibo ya nuna masa wani ƙato mai gatari a cikin ayarin. "Ga naka can."

Matsalar Lawali a wasan ita ce tarbiyya. Ba ya iya fara komai bai yi gaisuwa ba. Ayari na tsakiyar faɗa da wani dodo mai kai uku, samari daga Kazablanka da Abijan suna ihu a rubuce cewa mai magani ya zo, shi kuwa yana buga musu, cikin Faransancin ofis marar kuskure ko ɗaya: ina wuni, ina gajiya, ina iyali, yaya zafi a wajenku. Kafin ya kai ga tambayar lafiyar iyaye, an kashe rabin ayari. Suka zage shi da kalmomin da bai taɓa bugawa ba a shekara talatin da ɗaya. Sau biyu suna son korarsa. Mai gatari ne ya hana. "Ku ƙyale shi," ya rubuta, "ni zan tsare shi." Kuma shi kaɗai ke amsa gaisuwar, ɗaya bayan ɗaya.

Lawali ya fito daga siber ranar yana tafiya kamar an ƙara masa girma. "Yana da ladabi," ya ce wa Jibo. "Ko baƙo yana girmamawa."

Jibo ya yi tari ya juya baya.

Sai dai wasan yana son kuran, wato wutar lantarki, kuran kuwa a bazarar nan yawo yake. A ba Katako awa biyu, a ɗauke a kai Yantala, a ɗauke a kai wani wuri. Lawali ya zama masanin abin. Daga ƙofar gida yake sauraro: in ya ji injin aski na wanzamin kusurwa, akwai, in ya ga teloli sun fito suna fifita, babu. Yana da siber huɗu a kansa, da masu su, da halin kowane inji. Dis yana aljihun ƙirji, ba ya rabuwa da shi ko a masallaci. Da zafi ya tsananta, ƙarfen ya riƙa ɗumi har yana tsayawa, sai ya koma ajiye shi da rana kan yashin da ke ƙarƙashin randa, cikin leda. Kande ba ta taɓa tambaya ba. Amma duk Asabar, tuwo kan sauka da wuri, kuma ta hana kowa zubar da ruwa wajen randar.

Asabar bakwai ya yi. Ya san yanzu cewa mai gatari ba ya son kuskus ɗin can, ya yi zazzaɓi a watan Afrilu ya warke, yana kewar kifin Goudel, unguwar bakin kogi. Duk abin da bai sani ba a shekara ashirin da biyar, ya same shi tsakanin dodo da dodo. Amma tambayar da ta kawo shi, kullum sai ya ce sati mai zuwa. Ko ranar da ya jawo akwatin Jibo ƙasa, ita yake shirin bugawa.

Habsatu ta tare shi ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Mayu. "Litinin zai kai wa malamin amsa. Yaya, in kana da abin yi, gobe ce."

Asabar ɗin ta zo da zafin da kwalta ke kama takalmi. Ƙarfe biyu Lawali yana siber ɗin Jibo. Ya soka dis, sai wasan ya ƙi buɗewa, ya ce sai an yi masa mizajur, wato ƙarin gyara da masu wasan kan turo daga can. Wani ɗan layi kore ya fara rarrafe a gilashi. Lawali ya tashi, ya zauna, ya tashi. Layin ya kai rabi, fanka ta yi wani nishi ta tsaya.

"Kala suuru," in ji Jibo, wato sai haƙuri. "Sun kai Yantala."

Lawali ya kwance zaren dosiye, ya hau mobilet. A Yantala akwai kuran, amma duk injinan cike suke da ɗalibai masu neman sakamako, mai wurin ya ce a dawo bayan awa. Bai iya jira ba, ya miƙa Goudel. A hanya sojoji suka tsayar da shi a shinge, ɗaya ya ga tudu a ƙirjinsa da igiya na leƙowa ta wuya.

"Baba, mene ne wannan?"

"Wasa ne, ɗana."

Sojan ya dubi furfurar, ya dubi igiyar, ya kira na biyu. Na biyun ya san abin, ya yi dariya, ya tambayi ko Baba wane mataki ya kai. Sai da Lawali ya gaya masa, sojan ya girgiza kai don tausayi, sannan suka sake shi. A Goudel ya tarar kogi ya janye ya bar yashi, masu lambu na jan ruwa daga nesa, siber kuma a kulle, mai shi ya tafi zaman makoki. Lawali ya tsaya a rana yana bugun sirdin mobilet da yatsu. Huɗu saura kwata. Mai gatari kan tashi ƙarfe biyar.

Ya koma Katako, mobilet na tari, shi ma yana tari. Tun daga nesa ya ji wata ƙara da ba ta saba fitowa daga wajen ba. Jibo ya je layin masu yankan katako, ya roƙo gurup ɗinsu, wato janareton da suke tayar da zarto da shi, mutum huɗu suka ɗauko masa shi a kura, da sauran ɗan man da ke ciki.

"Inji ɗaya kawai zai ɗauka," in ji Jibo, gumi na zuba. "Kuma ba don kai na yi ba. Ba na son a ce Bagobiri ya mutu a ƙofata, ƴan uwansa su zo su cinye mini shinkafa."

Layin kore ya ɗora daga inda ya tsaya. Masu katakon ba su tafi ba, suka jeru a ƙofa suna kallo. Biyar saura ashirin ƙasar nan mai ruwa ta buɗe. Ayari ya riga ya watse, sai mai gatari kaɗai, zaune a kan wani dutse.

Karo na farko a rayuwarsa Lawali ya gajarta gaisuwa, ya tsaya a uku. Sannan ya buga, da Hausa: "Akwai wani tsoho a unguwarmu, yana tambaya ko in ka gama karatu za ka dawo gida."

Amsa ta daɗe. Gurup ya yi tari ɗaya.

"Tsohon da wa yake? Mu da yawa ne a nan masu karatu."

"Da kai."

"Ni wa? Ya faɗi suna, kada a kai saƙo gidan da ba shi ba."

Lawali ya janye hannuwansa ya ɗora kan gwiwa. Yatsun nan sun buga sunayen dubban mutane, waɗanda aka ɗauka aiki, waɗanda aka canja wa gari, waɗanda aka kora, wannan sunan kaɗai ba su taɓa bugawa ba. Ya waiga, ya ga Jibo, ya ga masu katako huɗu.

"Ku juya," ya ce.

Suka juya baya, har da Jibo. Gurup ya sake tari, hasken gilashi ya dusashe ya dawo. Lawali ya gyara zama irin na ofis, ya ɗaga kai ya kafa ido a bango, inda kalandar bara ke rataye, ya bar yatsun su yi aikinsu. Waɗanda suka juya baya sun ce ƙarar ba ta fi ta ɗan gajeren layi ba, sai ƙara ɗaya mai ƙarfi ta aikawa. Ko numfashi bai sauke ba gurup ya mutu.

Dis ɗin bai sake tashi ba daga ranar. Jibo ya gwada shi a inji uku, sai wani ƙas-ƙas yake yi kamar ɓera a rufi. Ba wanda ya san ko saƙon ya isa. Lahadi Lawali ya wanke mobilet sau biyu. Litinin ya je kasuwa ya dawo bai sayi komai ba, ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya ce shayin fada ya yi sanyi alhali yana ƙona baki. Talata da hantsi Habsatu ta shigo, waya a hannu, ta tsaya tsakar gida inda Kande za ta ji daga ɗaki.

"Wancan ya kira. Ya ce a gyara masa ɗaki, tsakiyar Yuli yana nan. Ya ce kuma a gaya wa mai jakar magani, gajeren nan da yake tuƙawa nasa ne na da, dis ɗin ya riƙe sunan da kalmar shiga. Tun ranar farko da ya ga ya motsa ya san an buɗe akwatinsa. Da ya ga gaisuwa kuma, ya san wa ya buɗe."

Lawali ya dubi randa. Can ya ce, "Jibo ya sani?"

"Shi ya fara sani."

Daga ɗaki aka ji Kande ta yi dariya, ko kuka, ba a tantance ba.

Mumuni ya dawo, yana aikin fanfunan ban ruwa a wajen Goudel. Har yau in ya shigo gaida uban, Lawali yana duban gefe ne ya ce, "Kai, ka zo?" Dis ɗin kuwa yana nan a aljihun ƙirji, da igiyarsa, ko da yake babu komai da yake yi sai nauyi.

Kwanan baya a fada Jibo ya sake tayar da zancen, kamar yadda yake yi duk sanda shayi ya kai na uku.

"Talala, ni abu ɗaya ya dame ni. Don kunyar suruki ka kayar mini da inji. To kunyar ɗan fari fa, ina ka ajiye ta ranar nan? Ka kira sunan yaro tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, gaban shaidu biyar."

Lawali ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya gyara igiyar a wuyan riga.

"Wa ya ji na kira? Bakina rufe yake, idona na bango. Ni daktilo ne, Bazabarme. Shekara talatin da ɗaya ina bugawa, ba a taɓa tambayata abin da takarda ta ce ba."